Lokacin zafi a Japan da al'adun da ya kamata baƙo ya sani

Natsu shi ne sunan da Japanawa ke kiran lokacin zafi, yana kamawa ne daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta a lissafin kalanda, amma a zahiri zafin kan zarce har cikin Satumba. Lokaci ne na ruwan sama da gumi da guguwa, kuma shi ne lokacin manyan bukukuwan ƙasar, shi ya sa baƙi ke tururuwa duk da wahalarsa. Al'adu da yawa da baƙo zai tarar, irin su cire takalmi da yawan wanka da yawo da ɗan tawul a aljihu, suna da alaƙa da wannan yanayi mai laima, wanda ya gane yanayin ba zai sha wuyar gane al'adun ba.

Damina kafin zafi

A ƙasar Hausa zafin bazara ne ke fara zuwa sannan ruwa ya sauko ya kwantar da shi. A Japan abin a juye yake, ruwan ne a gaba, zafin na biye. Daminar tasu sunanta tsuyu, yadda ake rubuta kalmar na nufin ruwan ɗan itacen ume saboda lokacin ne yake nuna. A Tokyo da Kyoto da Osaka tana faɗowa wajen farkon Yuni ta ɗauke wajen tsakiya ko ƙarshen Yuli, a tsibiran Okinawa da ke kudu kuwa tun watan Mayu take somawa, Hokkaido can arewa ba a ma lissafa ta cikin masu tsuyu. Ba wai kullum ake ruwa ba, amma sama a lulluɓe take, kayan wanki ba sa bushewa, takalmi da jakar fata sai su yi fumfuna a cikin ɗaki. Ƙarshenta ne abin tsoro, don lokacin ake tafka ruwa mai kawo ambaliya da zaftarewar ƙasa musamman a tsibirin Kyushu da yammacin ƙasar. Lema ba matsala ba ce, kowane kombini, wato ƙananan kantunan nan na kayan masarufi, na sayar da ta roba mai arha, sai dai ba a shiga shago da jiƙaƙƙiyar lema tana ɗiga, a bakin ƙofa akwai wurin ajiyewa ko doguwar leda da za a zura ta ciki.

Zafin kansa

Nan ne baƙo daga Kano ko Sakkwato ko Yamai ke yin kuskure. Mutum zai duba waya ya ga digiri 33 ya ce ai wannan ba komai ba ne ga wanda ya saba da 42 a watan Afrilu, to amma namu zafin busasshe ne, gumi na fita iska ta busar da shi jiki ya huce. Na Japan jiƙaƙƙe ne, iskar cike take da danshin teku, gumin ba ya bushewa sai dai ya manne a jiki, inuwa ma ba ta cika ceto ba, dare kuma ba ya sanyi sosai a manyan birane don kwalta da siminti sun riƙe zafin rana. Kyoto da ke cikin kwari duwatsu sun zagaye ta ta yi ƙaurin suna a wannan fanni.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasar na da sunaye ga kowane mataki. Ranar da zafi ya kai digiri 30 manatsubi ce, wadda ta kai 35 kuma moshobi, kalmar da aka shigar a hukumance a 2007 da irin ranakun suka yawaita, daren da bai sauko ƙasa da 25 ba shi ne nettaiya. A ranar 23 ga Yuli 2018 garin Kumagaya ya kai digiri 41.1, Hamamatsu ma ta kai hakan a Agustan 2020, sai ga Isesaki ta jihar Gunma ta zarce su da 41.8 ranar 5 ga Agusta 2025. Gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964 a watan Oktoba aka yi ta, wadda aka yi a tsakiyar zafin 2021 kuwa sai da aka kwashe gudun yada ƙanin wani aka kai Sapporo.

Ciwon da zafi ke jawowa suna ce masa necchusho, kowace shekara dubun dubatar mutane ake ɗauka a motar asibiti saboda shi, tsofaffi ne suka fi yawa kuma da dama a cikin gidajensu abin ke kama su. Tun 2021 gwamnati ke fitar da gargaɗin zafi a faɗin ƙasa. Alamominsa jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya, in ya yi tsanani mutum ya rikice ko ya suma, a nan sai a kira 119, lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana ke nan, ta 'yan sanda kuma 110. Ruwan famfo ana sha ba fargaba, injinan sayar da abin sha na nan kusan kowane lungu, kuma ruwa zalla bai isa ba in gumi ya yi yawa, a haɗa da mai ɗan gishiri irin Pocari Sweat ko a sha mugicha, shayin sha'ir mai sanyi. Yawon buɗe ido gara a yi shi da sassafe ko da yamma, tsakar rana a fake a gidan tarihi ko kasuwannin ƙarƙashin ƙasa. A riƙe 'yar riga ta sama kuma, don esin jirgin ƙasa wani lokaci sanyinsa ya wuce misali.

Guguwar taifu

Ta fi yawa a Agusta da Satumba, lamba ake ba ta a jere kowace shekara, za ka ji ana cewa taifu mai lamba 10. Ta 1959 da ta afka wa yankin Ise da Nagoya ta jawo mutuwa ko ɓacewar mutum fiye da 5,000, ta Satumban 2018 kuma ta cika filin jirgin Kansai da ruwa matafiya suka maƙale. Yanzu kamfanonin jirgin ƙasa kan sanar tun da wuri cewa za su tsayar da zirga-zirga, don haka kar a matse tafiya ba ranar rara.

Dabarun mutanen da

Kafin zuwan esi Japanawa sun daɗe suna kokawa da zafin nan, kuma gaskiya wannan ɓangaren ya fi na'urorin zamani ban sha'awa. Tsohon gidan Japan da la'akari da zafi aka gina shi, an ɗaga daɓen daga ƙasa don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, ƙofofin takarda masu zamewa ana iya ture su gefe gida ya koma kamar rumfa, rufin ya zarto waje sosai don inuwa, sai asabari na gora da suke kira sudare a rataye a baranda. Da yamma a yayyafa ruwa a ƙofar gida da kan hanya, uchimizu ke nan, daidai yadda ake yayyafa wa tsakar gida ruwa a wajenmu, har yau 'yan kasuwar Kyoto na yi. Akwai furin, 'yar ƙararrawar gilas ko ƙarfe da ake ratayewa iska na kaɗa ta, su a wurinsu jin ƙararta kaɗai sanyi ne. Mafici iri biyu ne, uchiwa mai faɗi da sensu mai naɗewa.

Rigar yukata da ake sawa a bukukuwa asalinta rigar wanka ce, sunan daga yukatabira ya fito, wadda masu sarauta na zamanin Heian, tsakanin 794 zuwa 1185, ke sawa in za su shiga wankan tururi, sai a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, da auduga ta wadata talakawa suka ɗauka. Ƙanƙarar kakigori da ake kankarewa a zuba mata zaƙi ita ma tun Heian ake sha, amma manya ne kawai, don ƙanƙarar hunturu ce ake ɓoyewa a ramuka cikin duwatsu har zafi ya zo. Maganin sauron nan mai naɗi kamar maciji da ake kunnawa a gidajenmu ma daga Japan ya fito, wani ɗan kasuwa Ueyama Eiichiro ne ya fara yin sa a miƙe wajen 1890, ana cewa matarsa ce ta ba da shawarar a naɗe shi don ya daɗe yana ci.

Akwai kuma ranar cin unagi, wani dogon kifi mai santsi, a ƙarshen Yuli, wai yana ƙara ƙarfi. Ana jingina al'adar ga wani masani Hiraga Gennai na ƙarni na 18, masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba.

A 2005 gwamnati ta ƙaddamar da Cool Biz, ma'aikata su ajiye kwat da nakatayi a saita esi a digiri 28.

Bukukuwa da cunkoso

Bikin Gion na Kyoto watan Yuli gaba ɗaya yake ci, ana danganta farkonsa da shekarar 869 lokacin da annoba ta addabi birnin aka yi taron neman sauƙi, ya tsaya a yaƙin Onin da ya ɓarke a 1467 sannan aka farfaɗo da shi a 1500. Manyan amalanken katako da mutane ke ja da igiya suna fitowa ranakun 17 da 24 ga wata. Osaka na da bikin Tenjin ranakun 24 da 25 ga Yuli, Aomori na da Nebuta daga 2 zuwa 7 ga Agusta, rawar Awa a Tokushima daga 12 zuwa 15. Wasan wuta na kogin Sumida a Tokyo, wanda aka saba yi Asabar ta ƙarshe a Yuli, ana kai asalinsa 1733, wasu na jayayya da labarin.

Obon, wajen 13 zuwa 16 ga Agusta, lokacin tuna magabata ne da ziyarar kaburbura, kowa ya nufi garinsu kamar jajibirin sallah, jirage cike otal ya yi tsada wasu ƙananan shaguna a rufe, wanda bai yanki tikiti da wuri ba zai sha tsayuwa. Hawan dutsen Fuji mai tsawon mita 3,776 daga farkon Yuli ne zuwa wajen 10 ga Satumba, kuma a can sama sanyi ake ko a Agusta.

Takalmi, wanka da gaisuwa

Bahaushe ba baƙon cire takalmi ba ne, bambancin shi ne a Japan akwai iyaka a bayyane, wato genkan, ɗan wurin da ke ƙasa-ƙasa daga shiga ƙofa, nan ake tuɓewa a hau daɓen sama ba tare da an taka ƙasan da safa ba. Za a ba ka silifas na cikin gida, amma ba a hawa tabarmar tatami da su, banɗaki kuma da nasa silifas daban, kar a manta a fito da su falo. Da zafi in sandal ka sa to ka riƙe safa mai tsabta a jaka, taka tatamin mutane da ƙafa mai gumi ba daɗi a wurinsu.

A gidan wanka na sento ko maɓulɓular ruwan zafi ta onsen sai an cuɗa jiki tas a wurin zama na gefe kafin a shiga kwamin, ba a sa sabulu ko tawul a ruwan, maza daban mata daban amma ba a shiga da tufa. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya nemi kashikiri, kwamin da ake kamawa na mutum ɗaya ko iyali. Wurare da yawa ba sa karɓar mai zanen tatu. In an ba ka yukata a masauki, ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, akasin haka gawa ake yi wa.

Gaisuwarsu sunkuyawa ce, ba su cika musabaha ba. Musulmi da dama na ƙyamar ruku'u ga mutum, kuma ba wanda zai matsa wa baƙo, ɗan gyaɗa kai da sakin fuska ya wadatar. Kalmar sumimasen na aiki a wurin ban haƙuri da neman hanya da kiran mai kawo abinci, godiya kuma arigato gozaimasu.

Kan titi da wurin cin abinci

Ba a ba da tukwici, in ka bar canji ma sai a biyo ka da shi, kuɗi kuma a ɗan faranti ake ajiyewa a kanta. A jirgin ƙasa ba a amsa waya ba a ɗaga murya, wannan fa yana yi wa mutanenmu wuya, akwai kuma taragon mata zalla a lokutan cunkoso. Turare mai ƙarfi cikin tarago a matse ko gidan sushi yana damun mutane, a sassauta. Kwandon shara ya yi ƙaranci, ana danganta hakan da harin iskar sarin da aka kai jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo ranar 20 ga Maris 1995, don haka kowa da ledarsa. A matakala mai tafiya da kanta 'yan Tokyo hagu suke tsayawa, 'yan Osaka dama. Doka ta ce baƙo ya riƙe fasfonsa a jiki koyaushe.

Tsinkayen cin abinci ba a soka su a tsaye cikin shinkafa, ba a kuma miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, duka biyun na jana'iza ne. Jiƙaƙƙen tawul ɗin oshibori da ake kawowa na goge hannu ne.

Ga Musulmi

Naman alade na ɓuya a romon taliyar ramen, giyar sake da mirin kuma na shiga miya da yawa ko da abincin kifi ne ko ganye, sai an tambaya. Gidajen abincin halal sun ƙaru a Tokyo da Osaka da Kyoto, a ƙauye kuwa da wuya. Masallacin Kobe da aka buɗe a 1935 shi ne mafi tsufa da ke tsaye, na Tokyo Camii a unguwar Yoyogi Uehara an buɗe shi a 1938 aka sake gina shi a 2000 da taimakon Turkiyya, filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk suna da ɗakin sallah. Alƙibla daga Tokyo yamma ce da ɗan karkata arewa. Agogon Japan na gaban na Najeriya da Nijar da awa 8, kuma a tsakiyar Yuni rana na fitowa a Tokyo tun wajen ƙarfe 4:25, wato asuba na shiga kafin ƙarfe uku na dare, wanda bai saita agogo ba sai dai ya farka ya tarar gari ya waye fes.