Waiwaye: Jijiyoyin Mai Ba Da Ƙoda Da Makomar Dashe

Tun a 1902 Alexis Carrel ya nuna a Liyon ta Faransa yadda ake ɗinke bakin jijiyar jini da wata. A 1951 René Küss na Faris ya zaɓi mara a matsayin mazaunin sabuwar ƙoda, kusa da manyan jijiyoyin ƙugu. Kan wannan tsari Joseph Murray ya yi dashen da ya fara ɗorewa, ranar 23 ga Disamba 1954 a Bostan ta Amurka, tsakanin tagwaye.

Amma jikin mutane ba ɗaya ba ne. Kusan ɗaya cikin huɗu yana da jijiyar kai jini fiye da ɗaya a ƙodarsa. Idan daga mamaci aka ciro, sai a yanko su tare da ɗan fallen babbar jijiyar zuciya a ɗinka lokaci guda. Mai rai kuwa ba a taɓa masa wannan jijiyar, don haka kowace sai an san yadda za a yi da ita. Shi ya sa aka daɗe ana gudun irin waɗannan ƙodoji.

A 1995 Lloyd Ratner da Louis Kavoussi suka fara ciro ƙoda ta ƙananan huda da kyamara a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Na'urar matse jijiya tana cin wani abu na tsawonta, sai likitoci suka karkata ga ƙodar hagu, wadda jijiyar mayar da jininta ta ninka ta dama tsawo. Ta dama gajeriya ce, bangonta siriri, kuma a farkon lamarin an fi samun daskarewar jini a cikinta.

Yau hoton CT, wato hoton cikin jiki na na'ura, ke nuna komai kafin a taɓa wuƙa. Bayan an ciro ƙodar, jijiyoyin kai jini biyu masu kauri ɗaya akan tsaga gefensu a haɗe su kamar wando, ƙarama kuma a dasa ta jikin babbar, duk cikin ƙanƙara. Sakamakon bayan shekaru bai bambanta sosai da na mai jijiya guda ba, sai dai aikin ya fi tsawo, ƙodar ma takan yi jinkirin fara fitsari.

Inda ba a sassauci shi ne jijiyar da ke kai jini gindin ƙoda. Jijiyoyin ƙoda ba sa aron jini a tsakaninsu, ita kuma wannan ita ke ciyar da bututun da ke kai fitsari mafitsara. Ɗaure ta na iya kashe bututun, fitsari ya riƙa yoyo cikin mara. 'Yar siririya ta saman ƙoda, ƙasa da milimita 2, ana iya haƙura da ita.

A Nijeriya, inda Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashe a 2002, kusan duk ƙodojin daga masu rai ake samu, don haka wannan lissafi na gaban likita a kowane aiki.