Illolin magungunan kashe zafi ga masu ciwo mai daɗewa

Magungunan kashe zafi su ne ƙwayoyi, allurai da man shafawa da ake amfani da su don rage raɗaɗin ciwo ba tare da gusar da hankalin majinyaci ba. Yawancinsu an tsara su ne don ciwo na ɗan lokaci, irin su ciwon haƙori, targaɗe, zazzaɓi ko raɗaɗin bayan tiyata. Illarsu takan bayyana idan ciwon ya ƙi tafiya, mutum ya mai da su abin shan yau da gobe. A ma'aunin likitoci, ciwon da ya wuce wata 3 yana damun mutum, ko yana tafiya yana dawowa, shi ake kira ciwo mai daɗewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbi na kansa a kundin rabe-raben cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022. Ciwon baya, amosanin gaɓɓai, ciwon kai mai naci da ciwon jijiya na masu ciwon suga duk suna cikin wannan sahu. Ciwon baya kaɗai an ƙiyasta ya shafi mutum miliyan 619 a duniya a 2020.

Farasitamol

Farasitamol, wanda jama'a suka fi sani da sunan Panadol, shi ne mafi sauƙi ga ciki, kuma wannan sauƙin ne ya sa ake raina shi. Iyakar abin da baligi mai lafiya zai sha a awa 24 shi ne giram 4, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma a wajen sarrafawar takan samar da wani sinadari mai guba ɗan kaɗan, wanda ita da kanta take kashewa. Idan maganin ya yi yawa, abin da hantar ke kashe gubar da shi sai ya ƙare, gubar ta shiga cin hantar. Mai ƙaramin jiki, da wanda ba ya samun isasshen abinci, da mashayin giya, da mai ciwon hanta, iyakarsu ba ta kai giram 4 ba.

Abin tsoron shi ne idan an wuce iyaka, ranar farko mutum ba ya jin komai sai ɗan tashin zuciya. Sai bayan kwana 2 zuwa 3 ido ya yi ɗorawa, ciki ya riƙe ta gefen dama, alhali makarin gubar ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. A Amurka da Birtaniya farasitamol ne kan gaba wajen jawo mutuwar hanta farat ɗaya, abin da ya sa Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ke cikin kwali tun 1998: 16 a kantuna, 32 a shagon magani. Da yawa daga waɗanda suke wuce iyaka ba da gangan suke yi ba. Mutum ya sha na ciwon baya, ya ƙara da na mura, bai san duka biyun farasitamol ne a ciki ba.

Asfirin, ibufurofen, dikulofenak da danginsu

Wannan rukuni shi ne ya fi aiki a kan ciwon da ke tattare da kumburi, shi ya sa masu ciwon gwiwa da baya suka fi riƙo da shi. Asfirin ne babbansu, kamfanin Bayer na Jamus ya fitar da shi kasuwa a 1899. Ibufurofen ya biyo baya a Ingila a 1969, dikulofenak a 1973. Akwai kuma firoksikam, wanda ake sayarwa da sunan Feldene da wasu sunaye. Sai a 1971 masanin nan na Ingila John Vane ya gano yadda suke aiki, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1982: suna hana jiki yin wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, waɗanda ke kawo zafi da kumburi.

Sai dai waɗannan sinadarai ba aikin ciwo kaɗai suke yi ba. Su ne ke sa ciki ya yi yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan narkar da abinci, su ne kuma ke buɗe hanyoyin jini a cikin ƙoda. Duk wanda ya toshe su na tsawon watanni ya toshe waɗannan ayyukan ma. Daga nan ne gyambon ciki da zubar jini a hanji suke zuwa, wani lokaci ba tare da ko ƙwarnafi ba, sai dai a ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin ko mutum ya yi aman jini. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 65, da wanda ya taɓa yin olsa, da mai shan maganin tsinka jini. Haɗa magani iri biyu daga cikin wannan dangi a lokaci guda ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Yin allurar dikulofenak maimakon haɗiyar ƙwaya ma ba ya tsirar da ciki, domin ta cikin jini maganin ke isa gare shi.

Ƙoda ta fi shan wahala idan jiki ya rasa ruwa. Manomi ko lebura da ya wuni a rana yana zufa, ko mai gudawa, ko mai azumi a lokacin bazara, idan ya ɗora waɗannan ƙwayoyi a kan ƙishirwa, jinin da ke ratsa ƙodarsa yakan ragu ƙwarai. Likitoci sun fi jin tsoron haɗuwar abu uku a jikin mai hawan jini: maganin da ke sa fitsari, da maganin hawan jini irin su lisinofiril, da maganin kumburi. Magungunan kumburin suna kuma ɗaga hawan jini, suna sa ƙafa ta kumbura, suna tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Ƙarfin dikulofenak a kan ƙoda ya bayyana a wani wuri da ba a zata ba: a Indiya da Pakistan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har aka haramta bai wa dabbobi shi a 2006.

Batun zuciya ya fito fili a 2004, lokacin da kamfanin Merck ya janye maganin kumburinsa mai suna Vioxx daga kasuwa bayan an tabbatar yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Daga baya aka gane ba shi kaɗai ba ne. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana bai wa masu ciwon zuciya dikulofenak, a 2015 kuma takwararta ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kan dangin gaba ɗaya, ban da asfirin. A 2020 hukumar ta Amurka ta ƙara da cewa mai juna biyu ta guje su daga mako na 20, saboda suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan mahaifa. Asfirin kuwa ba a bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita, domin yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta.

Akwai kuma ciwon kan da maganin da kansa ke haifarwa. Wanda yake shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata 3, kansa na iya komawa yana ciwo kusan kullum, kuma ba ya lafawa sai an daina shan ƙwayar.

Tiramadol, kodin da fentazosin

Waɗannan dangin mofin ne, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, a ƙwaƙwalwa suke aiki. Jiki yakan saba da su, har adadin da yake isa jiya ya kasa yau, kuma idan aka daina farat ɗaya sai zufa, ciwon gaɓɓai, rashin barci da ƙunci su taso, mutum ya ɗauka tsohon ciwon ne ya dawo. Idan sun yi yawa suna danne numfashi, musamman in an haɗa da maganin barci. Tiramadol, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977, yana da ƙarin illar jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakarsa miligiram 400 a rana, amma a Afirka ta Yamma ana fasa-ƙwaurin ƙwayoyi masu miligiram 200 da 225. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. Fentazosin kuwa ya zama jarrabawa ga wasu masu sikila, waɗanda aka fara yi musu allurarsa a asibiti saboda raɗaɗi na gaske, daga baya suka koma yi wa kansu, har wurin allurar ya zama gyambo, naman ya ƙandare.

Duk da wannan haɗari, ribarsu a ciwo mai daɗewa ba ta taka kara ta karya ba. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2018, kan majinyata 240 masu ciwon baya, gwiwa ko ƙugu, ya nuna bayan shekara guda waɗanda aka bai wa dangin mofin ba su fi sauran samun sauƙi ba. Wannan bai shafi ciwon daji da tashin sikila mai tsanani ba, inda suke da muhimmanci, kuma inda a ƙasashen Afirka ƙarancinsu ne ma matsalar.

Magungunan itatuwa da na ƙarin lafiya

Mutane da dama da suka ji tsoron ƙwayoyin asibiti sukan koma ga na itatuwa, da tunanin abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Asfirin kansa daga sinadarin ɓawon wata bishiya aka samo asalinsa, mofin kuma daga ƙaron wani fure. Bambancin da ke akwai shi ne na sa ido. A Amurka dokar 1994 ta ba da damar sayar da kayan ƙarin lafiya ba tare da an fara tabbatar da amfaninsu ba. A Najeriya ma lambar da NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaidar gwajin rashin guba ce, ba shaidar cewa suna warkarwa ba.

Kurkur shi ne ya fi tashe a wannan fage. A cikin miya ba shi da laifi, domin kaɗan ne ke shiga jini. Amma ƙwayoyin da ake tacewa daga gare shi sukan zo haɗe da sinadarin masoro, wanda ke ninka shigarsa jini, kuma an samu masu kumburin hanta ta dalilinsu a Italiya a 2019, hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta yi gargaɗi a kai a 2023. Gulukosamin da kondirotin, da ake tallatawa ga masu ciwon gwiwa, an gwada su a kan mutum 1,583 a Amurka, sakamakon da ya fito a 2006 bai nuna sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba idan aka duba majinyatan gaba ɗaya. Ƙwayoyin tafarnuwa, citta da man kifi masu ƙarfi na iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini na wafarin. Mafi muni shi ne dangin tsiron Aristolochia, wanda duman dutse ke cikinsa: a Beljiyam a farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 sun samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba mai ɗauke da shi, kuma yanzu sinadarinsa na cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Sai kuma algus. Sau da yawa maganin itatuwan da ya kashe ciwon gaɓɓai cikin dare ɗaya ba itatuwan ne suka yi aikin ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gano dikulofenak da dekzametazon a ɓoye cikin magungunan ƙarin lafiya na ciwon gaɓɓai, Reumofan Plus a 2012, da kuma Artri King a 2022, alhali ba a rubuta su a jikin kwalba ba. Dekzametazon da firedinisolon, waɗanda kan shiga cikin gaurayen ƙwayoyin ciwon jiki da wasu masu kemis da 'yan talla ke ƙullawa a leda ba suna, suna kumbura fuska, su ɗaga suga da hawan jini, su raunana ƙashi, kuma daina su farat ɗaya bayan dogon sha na iya kayar da mutum.

Matsayin hukumomin lafiya

A Afrilun 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce ga ciwo mai daɗewa wanda ba a gano wata cuta a bayansa ba, kada a fara ɗora majinyaci a kan farasitamol, magungunan kumburi ko dangin mofin. Ta fifita motsa jiki bisa jagorancin ƙwararre, da zaman koyar da dabarun rayuwa da ciwo, da wasu magungunan damuwa irin su amitiriftilin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ciwon baya mai daɗewa, ta Disamban 2023, ta amince da magungunan kumburi tare da taka-tsantsan ga tsofaffi, amma ta ƙi dangin mofin. Ga ciwon gwiwa da na hannu, man shafawa mai dikulofenak na ba da sauƙi alhali ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Inda ba makawa sai an daɗe ana shan ƙwayar, likitoci kan rage ta zuwa mafi ƙarancin adadin da ke aiki, su haɗa da maganin kare ciki irin su omefirazol, su riƙa auna hawan jini da aikin ƙoda lokaci zuwa lokaci.