Fulogin a-kori-kura: yaushe ake canza shi?

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambaya, wannan zan miƙa masa.

Bayan kilomita nawa ake canzawa?

Buɗe littafin motarka, yana nan a rubuce. In littafin ya ɓata: fulogi na gama-gari mai jan ƙarfe, kilomita 30,000 zuwa 50,000. Na filatinam wajen 100,000. Na iridiyom yakan kai 160,000.

Tawa Hilux ce mai dizal, fa?

Malam, ba ta da fulogin tartsatsi. Dizal matsi ne ke kunna shi. Abin da ke jikinta hita ne mai ɗumama silinda don ta tashi da sanyi, kuma shi sai ya mutu ake canza shi.

Fulogi guda ɗaya ne ya mutu, in canza shi kaɗai?

A'a. Tare aka ɗaura su, tare suka tsufa. Kuma ka ƙirga kafin ka saya: injin Hemi 5.7 na Ram silinda 8 gare shi, amma fulogi 16.

Littafi ya ce 160,000, amma motata kullum da lodi take, wani lokaci har da tirela. In jira?

To, nan ne ba zan yanke maka lamba ɗaya ba. Wannan adadi na littafi an yi shi ne don injin mai lafiya da ke tafiya yadda aka saba. A-kori-kura kuwa jakin aiki ce. Tana hawa tudu da kaya, injin na ɗaukar zafi, sannan ta tsaya a kunne awa guda ana lodi. Mitar kilomita ba ta ƙirga wannan tsayuwar, amma fulogi yana ta ba da wuta duk tsawon lokacin. Duk tartsatsi ɗaya yana ɗan cin bakin ƙarfen, ratar da wutar ke tsallakawa tana ƙara faɗi, kwayil kuma, wato abin da ke tura wa fulogi wuta, sai ya ƙara ƙarfi kafin wutar ta tsallaka. Shi ya sa mai ƙyashin sayen fulogi yakan ƙare da sayen kwayil.

Ni dai da tawa ce, in ta kai wajen rabin adadin zan ciro ɗaya ko biyu in duba. Ba cewa na yi dole a canza ba, dubawa na ce. In bakinsa ruwan toka ne ko ruwan ƙasa mai haske, tsinin bai cinye ba, mayar da shi ka kwantar da hankalinka. In baƙi ne busasshe kamar an shafa masa gawayi, fetur yana yi wa injin yawa ko kuma tsayuwa a kunne ta yi yawa. In jiƙe yake da baƙin mai, matsalar ba ta fulogi ba ce, sabo ma haka zai koma cikin ɗan lokaci. In ya yi fari fat har da ƙuraje, zafi ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Amma fa akwai injinan da sai an cire manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, kafin hannu ya kai ga fulogin baya. A irinsu, tunda an riga an buɗe, ni canzawa zan yi gaba ɗaya ko da suna da sauran rai. Wani makaniken zai ce ɓarna ce. Ba zan yi masa musu ba.

Motata tana mis, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai, fitilar injin tana ƙiftawa. Zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata?

Kar ka kuskura. Ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana ƙona katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wanda ya ninka fulogi tsada nesa ba kusa ba. A sa mata kwamfuta, lambar da ta nuna za ta faɗi silindar da ke mis: P0301 silinda ta ɗaya ke nan, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe.

In goge shi da burushin waya in mayar?

Na iridiyom? Kaurin tsininsa bai kai milimita ɗaya ba, burushi zai iya lalata shi. Bar shi.

Ya ƙi kwancewa, in ƙara ƙarfi?

Haba ɗan'uwa, ajiye sifanar nan. Yawancin kan injin yanzu alminiyom ne, zarensa ba ya jure ganganci. Bari injin ya huce, hure ƙurar ramin, ɗan sassauta shi kaɗan, zuba man kwance tsatsa, ba shi lokaci, sannan ka riƙa juyawa gaba da baya a hankali. Masu F-150 mai injin 5.4 na wajen 2004 zuwa 2008 su ƙara hattara, fulogin asali na wannan injin sananne ne wajen karyewa a cikin rami, har akwai kayan aiki na musamman don ciro guntun. Wajen ɗaura sabo kuma, fara da yatsu. In bai shiga da yatsu ba, ya karkace, fito da shi ka sake.