Jiyokashin: wasan neman ajiya da GPS

Da hutun da ya wuce, ɗan ƙanwata mai karatu a jami'a ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa. Lambobi ne a jere, layi biyu: na sama ya fara da N 13° 48, na ƙasa da E 008° 59, kowanne da wasu lambobi uku a wutsiya. Ya ce, "Kawu, na yi ajiya a nan, in ka isa ka gano ta." Na tambaye shi ajiyar me. Ya ce gwangwani ne, da takarda da guntun fensir a ciki. Na ce, "Yanzu ni da girmana zan bar inuwa in tafi neman guntun fensir?" Ya yi dariya, ya ce ai mutane barjat suna yi a duniya, sunan abin geocaching.

Kalmar haɗin gambiza ce. Gabanta, geo, daga Girkanci ya fito, ma'anarsa ƙasa, shi ne dai wanda yara ke ji a sunan darasin labarin ƙasa. Bayanta kuwa, cache, asalinsa Faransanci ne, kuma duk wanda ya zauna a aji a Nijar ya san cacher na nufin ɓoyewa. Ana furta ta kamar jiyokashin. Wasu in za su fassara sai su ce farautar dukiya, ni kuwa ban yarda da wannan ba, don ba dukiyar da ake samu. Abin da ya fi dacewa a Hausa shi ne neman ajiya: wani ya ajiye, ya faɗi wurin, ka je ka gani, ka mayar yadda ka tarar.

Yadda ake yi ba wuya. Mutum zai sami ƙaramin mazubi mai murfi da ruwa ba ya shiga, ya sa takardar rubuta suna a ciki, ya ɓoye shi a wani wuri da yake so a sani, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya wallafa su a shafin wasan. Mai nema sai ya bi lambobin da wayarsa. In ya gano, ya rubuta sunan da yake wasa da shi da kwanan wata, ya rufe, ya mayar, sannan ya sanar a shafin cewa ya samu. In bai samu ba ma ana so ya faɗa, don mai ajiyar ya gane ko an ɗauke masa ne. Manyan mazubai kan ƙunshi ƴan tarkace, maƙalin makulli ko abin wasan yara, kuma ƙa'idar ita ce in ka ɗauki abu ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi.

Wasan yana da ranar haihuwa sananniya. GPS na gwamnatin Amurka ne, taurarin ɗan'adam ne da ke yawo a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, kuma na'ura tana bukatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta faɗi inda take. A da, da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura ta kauce da mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni a daina, kuskuren ya faɗo zuwa kamar mita 10 a dare ɗaya. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon, da littattafai da kaset-kaset da gwafar harbin tsuntsu da gwangwanin wake a ciki, ya wallafa lambobin don ya gwada ko da gaske na'urar ta daidaita. Cikin ƴan kwanaki aka gano shi. Kafin watan ya ƙare Matt Stum ya raɗa wa abin sunan da ake kiransa yau, kuma a watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190, amma rabon bai yi daidai ba: a Jamus da Amurka sun yi cincirindo, a nan Sahel kuwa sai ɗai-ɗai.

To, na tashi na bi yaron, ko don ya daina yi mini kallon tsoho. Muka ratsa Birni, tsohuwar unguwar Zinder, muka bar fadar Sarkin Damagaram a baya, muka nufi wajen manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. A hanya ya koya mini karatun lambobin. N arewa ce, E gabas. Minti ɗaya na layin arewa, wato ɗaya daga cikin 48 ɗin nan, ya kai mita 1,852, lambobi ukun wutsiya kuwa suna raba mintin gida dubu, don haka lambar ƙarshe ta wutsiyar nan, in ta motsa da ɗaya, ka matsa kusan mita biyu ke nan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne GPS bai damu da kuɗin intanet ba. Saƙo kawai yake karɓa daga sama, in ka riga ka sauke taswira da bayanin ajiyar, ko babu layi kibiyar da ke nuna hanya a wayar tana aiki.

Amma kibiyar iyakarta ta kai ka unguwa, ba ta shigar da kai ɗaki. Da wayar ta nuna saura mita 5 sai ta fara wasa da hankalina, ta ce gabas, in taka biyu ta ce yamma, saboda duwatsu da katanga suna karkatar da saƙon. Yaron ya ce, "Kawu, sa ta aljihu, yanzu aikin ido ne." Nan daɗin wasan yake. Shekara nawa ina wucewa ta wurin nan, ban taɓa tsayawa na dubi tsagar dutse ɗaya ba, sai ga ni a durƙushe ina tambayar kaina: in ni ne mai ɓoyewa, ina zan sa? Na ga wani ƙaramin dutse da zamansa bai yi kama da na Allah da Annabi ba, an jingina shi a bakin rami. Na kai hannu, yaron ya riƙe ni, ya miƙo mini kara. Gaskiyarsa, ramin dutse a garin nan gidan kunama ne. Na ture dutsen da karan, sai ramin wayam.

Ba a jima ba muka ji labari. Wata dattijuwa mai kiwon awaki a wurin ta hango yaron jiya yana waige-waige, yana cusa abu a dutse. Da ya tafi ta ciro, ta ga gwangwani da rubutacciyar takarda a naɗe, ba ta yi wata-wata ba ta kai wa malamin unguwa. Muka je muka gaishe ta. Na ce, "Inna, wasa ne na ƴan makaranta, ba wani abu ba." Ta ce, "Wasa? Ɗana, tun da nake ban taɓa ganin an naɗe rubutu an tura a rami don alheri ba." Ban iya yi mata musu ba. A idon duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, wannan siffar sammu ce sak.

A nan ne nake ganin wasan ba zai shigo mana yadda yake a Turai ba. Can, rabin armashinsa sirri ne: masu yi suna da sunan da suke kiran wanda bai san wasan ba, magul, kuma ana so ka ɗauko ajiya ka mayar ba tare da ya lura ba. A Zinder wa zai yi abu ba a lura ba? Kafin ka sunkuya yara biyar sun kewaye ka. Ga shi kuma gwangwani mai murfi ba shara ba ne a wurinmu, abin amfani ne, mai tsintar ƙarfe ba zai bar shi ya kwana ba. Uwa-uba halin tsaro: baƙon fuska yana zagaye wuri ɗaya, ido a kan waya, yana rubuta lambobi, ba zai daɗe ba a tambaye shi takardunsa. Wanda ya kusanci bariki ko shingen jami'an tsaro da sunan wasa, shi ya jiyo.

Dokokin wasan da kansu sun rage wani abu daga wannan. An hana haƙa rami a binne ajiya, sai dai a saƙale ta ko a rufe ta da abin da ke wurin. Sai da izinin mai wuri. Ba a sa abinci, don dabbobi, ba a sa makami ko wani abu mai cutarwa. Dole tsakanin ajiya da ajiya ya kai mita 161, kuma akwai ƴan sa-kai da ke duba kowace sabuwa kafin ta fito a shafin. Ana ba kowacce maki daga 1 zuwa 5 sau biyu, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya, don mai ciwon gwiwa irina ya san abin da zai tarar. Ni da zan ƙara doka ɗaya ta garin nan, ita ce a fara da gaisuwa wurin mai unguwa.

Akwai nau'in da babu mazubi sam, ana kiransa EarthCache. Lambobin suna kai ka wurin da ƙasa ke da abin koyarwa, ka duba, ka amsa tambayoyin mai ajiyar. Duwatsun Zinder kamar don shi aka yi su: me ya mulmule su haka, me ya sa suke ɓarewa kamar albasa, ina ruwan damina ke bi in ya sauko daga kansu. Babu abin da za a kai wa malam. Masu wasan kuma suna da al'adar haɗuwa su yi neman ajiya suna tsince shara a hanya, abin da kowace fada ta samari za ta iya yi da safiyar Lahadi, ganin yadda leda ta yi wa kowace ƙaya riga. Lokacin wasan dai hunturu ne. A watan Afrilu da zafi ke wuce 40, dutse na ƙona tafin hannu, wayar ma da kanta takan yi zafi ta ɗauke.

Yaron bai haƙura ba. Ya sami wata robar magani da ta ƙare, ya wanke, ya rubuta a jikinta da Hausa da Faransanci cewa wasa ne, don Allah a bar ta a nan. Wannan karon ya je wurin wani mai shayi da ke kusa da duwatsun, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, suka saƙale ta a bayan allon da ke jingine da rumfarsa. Abokansa kawai ya tura wa lambobin ta WhatsApp. Da na je na sha wuya kafin in gano, mai shayin yana kallona yana murmushi, ya ƙi cewa uffan sai da na sayi kofi ɗaya, sannan ya nuna mini wajen da haɓa. Na warware takardar na tarar mutum shida sun riga ni, na huɗunsu da ajami ya sa hannu. Na tambaya wane ne, mai shayin ya ce malamin unguwa ne, ya zo ya ga abin da idonsa.