Ma'anar hazzanut: rera addu'a a majami'ar Yahudawa

Hazzanut kalmar Ibrananci ce, daga "hazzan", wato mutumin da ke tsayawa gaban jama'a a majami'ar Yahudawa yana jan addu'a da rerawa. Fasahar wannan rerawar ita ce hazzanut. Ginshiƙinta shi ne "nusah", salon murya da aka ware wa kowane lokacin ibada: na daren Juma'a daban, na safiyar Asabar daban, na ranar Yom Kippur (ranar azumi da neman gafara) daban. Hazzan yana da damar yi wa muryarsa ado, amma in ya bar nusah ɗin ranar, dattawan majami'a za su gane nan take.

Baki da baki ake koyon abin, shi ya sa adana shi ya yi wuya. Masanin kiɗa Abraham Zvi Idelsohn ya ɗauki muryoyin Yahudawan Yaman da wasunsu a Ƙudus a kan gangar kaki, wato tsohon abin naɗar murya, ya kuma rubuta sautukan a kundi 10 tsakanin 1914 da 1932. A Turai da Amurka kuwa, faifan garmaho ne ya riƙe muryar manyan hazzan irin su Yossele Rosenblatt da Gershon Sirota, wanda ya mutu a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawan Warsaw a 1943.

Sai dai faifan yana ruɗar mai saurare. Dokar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ta hana amfani da na'ura, don haka a ɗakin ɗaukar murya aka rera su, ba jama'a masu amsawa. Fuska ɗaya ta faifan minti uku zuwa huɗu take ci, dole a datse addu'ar. Sau da yawa ma sukan sauya sunan Ubangiji da "Adoshem", tunda ba ibada suke yi ba.

Mai maida faifan cikin kwamfuta kuma yana da nasa tarkon. Sinadarin alkohol yana narkar da irin wannan faifai, don haka ba a goge shi da shi. Allurar faifan zamani ta yi siriri, sai ta nutse ƙasan layin ta kwaso ƙara. Tsoffin faifai da dama ba a kan juyi 78 cif a minti ɗaya, yadda aka saba, aka ɗauke su ba. In ba a daidaita gudun ba, muryar takan haura ko ta sauka daga inda mai ita ya rera.

Yau Laburaren Ƙasa na Isra'ila yana ajiye da tarin irin waɗannan muryoyi, wasu matasan Hasidawa (wani rukunin Yahudawa masu riƙon addini) a Brooklyn ta birnin New York kuma daga tsoffin faifan suke kwaikwayon salon, jimla bayan jimla.