Abin da ke hana mutane yin gwajin kansar hanji

"Ai ni lafiyata ƙalau." Babu amsar da ta kai wannan hana mutane gwajin kansar babban hanji, alhali gwajin domin masu jin kansu garau aka yi shi. Yawanci cutar tana somawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan yi shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama kansa, ba ciwo, ba wata alama. In aka riske shi a wannan tsakani, cire shi kawai ake yi. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cutar ta kashe mutum sama da 930,000 a 2020. Shi ya sa Amurka take fara gwajin daga shekara 45, wasu ƙasashe da dama kuma daga 50.

Sai ƙyanƙyami, tunda maganar bayan gida ce. Amma gwajin FIT, mai neman jinin da ido ba ya gani a cikin bayan gida, a gida mutum yake yinsa cikin 'yan mintuna. A tari bayan gidan a mazubi mai tsabta, kada ya haɗu da ruwa ko fitsari. A goga ɗan tsinken da ke jikin murfin kwalbar gwajin a kansa har bakin tsinken ya rufu, a mayar, a rufe, a rubuta kwanan wata. Ɗan kaɗan ya isa. Cika kwalbar ɓata aikin yake yi. A miƙa ta da wuri, domin zafi da jinkiri suna lalata jinin, sakamako ya fito lafiya alhali ba haka ba ne. Mace ta jira sai jinin al'ada ya ɗauke.

Wurin da ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne bayan sakamako ya nuna jini. Nan tsoro ke kama mutum ya ƙi komawa, gwajin ya tashi a banza. A sani, mafi yawan waɗanda aka ga jini a gwajinsu ba kansa ce da su ba: tsiro ne, ko basir, ko kumburin hanji. Abin da ke bambancewa shi ne kolonoskofi, inda ake shigar da siririn bututu mai kyamara ta dubura. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, ana ba da maganin rage zafi, kuma mai jin nauyi yana iya neman likita jinsinsa. Wahalar tana ga maganin wankin cikin da ake sha kafin ranar. A daure a shanye shi duka, don in hanji bai wanku ba, sai an sake.

Wanda kuwa yake ganin jini da idonsa, ko rama ba dalili, ko bayan gidansa ya sauya har mako 3, kada ya yanke wa kansa hukuncin basir ne, ya je wa likita. Haka wanda iyayensa ko ɗan uwansa na jini suka yi cutar: nasa binciken yakan fara tun yana shekara 40, ko ma kafin nan.