Waiwaye: Yadda sikeli da tef ɗin awo suka shiga rainon bakwaini

A ɗakin jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, abin da uwar bakwaini ke ɗokin ji shi ne yaushe za a fitar mata da ɗa daga kwalba. Ma'aikatan jinya kuwa idonsu na kan sikeli. Kafin sikelin ya samu wannan matsayi an sha tafiya.

Tun daga wajajen 1880, da likita Stéphane Tarnier ya shigo da kwalbar ɗumama jarirai asibitin haihuwa na Faris, ya kwaikwayo ta daga na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, burin likitoci ɗaya ne: yaro ya rayu. Ciyarwa aka yi wa kuskure. A shekarun 1940 da 1950 an saba barin ƙananan bakwaini kwana biyu ko fiye ba a ba su komai ba, don tsoron kada nono ya sarƙe su. Sukari ya riƙa faɗuwa a jininsu, jiki ya bushe, wasu suka tashi da sanƙarewar ƙafafu. A 1964 likitoci biyu a Okosfod ta Ingila, Smallpeice da Davies, suka nuna ana iya ba su nonon uwa tsantsa tun sa'o'in farko.

Daga 1982 Alan Lucas ya fara bin diddigin bakwaini a Ingila har suka shiga makaranta. Waɗanda suka sha nonon uwa sun ɗara sauran da kusan maki 8 a gwajin basira suna da shekara bakwai da rabi zuwa takwas, kuma ruɓewar hanji, cutar da ke kashe bakwaini farat ɗaya, ta fi kama masu shan madarar gwangwani zalla. A 2006 wani binciken a Amurka kan jariran da ba su wuce kilo ɗaya ba ya raba su kashi huɗu bisa saurin ƙibarsu a asibiti. Masu ƙara giram 21 kan kowane kilo a rana sun fi masu giram 12 tsira daga shanyewar gaɓoɓi da jinkirin fahimta a wata 18 zuwa 22. Sai dai a yi hattara da wannan lissafi: yaron da ciwo ya fi galabaitarwa shi ne kuma ba ya ƙiba, don haka ba duk laifin ne na abinci ba.

Dalilin a fili yake. Wanda aka haifa kafin ciki ya kai mako 32 ya fito ne daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma da sauri. Ko a mako 34 nauyinta bai wuce kashi biyu cikin uku na ta cikakken jariri ba. Abin da mabiyiya za ta ba shi, yanzu sai ta robar hanci ko ɗan kofi.

A aikace, bakwaini kan rame a makon farko, ya maido nauyin haihuwa cikin mako biyu zuwa uku. Daga nan ana son giram 15 zuwa 20 kan kowane kilo a rana, kewayen kansa kuma ya ƙara kusan santimita ɗaya a mako. Ɗauki jaririya mai kilo 1.2: giram 18 zuwa 24 za ta ƙara kullum, a kan nono mililita 180 zuwa 216 a rana, wato 15 zuwa 18 duk awa biyu, cokalin shayi uku da ɗoriya, dare da rana. Tsallake ciyarwar ƙarfe biyu da ta huɗu na dare saboda barci ya kwashe uwa ya isa ya tsayar da sikeli. Tef ɗin kai ma ba abin rainawa ba ne, domin ƙiba na iya zama kitse ko kumburi, alhali kai bai motsa ba.

Sanyi shi ne ɓarawon da ba a gani. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 36.5 a ma'aunin Salsiyos, nonon da ya sha a ɗumama jiki yake ƙarewa. Nan rainon kangaru ya shigo, wanda aka fara a Bogota ta Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970 saboda ƙarancin kwalabe: a ɗaura yaro a ƙirjin uwa, fata da fata, da hula da safa. Gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2021, wanda Ile-Ife na cikinsa, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwa da kashi 25 cikin ɗari. A hunturun Bauchi da Gombe, ga ɗaukewar wuta, ƙirjin uwa ko na kaka ya fi abin dogaro.

Bayan sallama daga asibiti ake yawan yin sakaci. Wankan safe da yamma, zubar da dakashi, ɗura ruwan dabino, da kai yaro hannu zuwa hannu ranar suna, duk suna ci masa girma. Maganin ƙarin jini na ɗigo da bitamin D da aka rubuta a ci gaba da ba shi. Wajen auna zama, rarrafe da magana kuma, har ya shekara biyu ana cire makonnin da ya yi saurin zuwa: wanda aka haifa a mako 28, in ya kai wata tara, da ɗan wata shida ake gwada shi.